Kurakuran masu rubuta almarar zamanin da a kan mantuwa

Na gaji da karanta labarin da jarumi zai farka a Masar ta Fir'auna ko a Babila, ya dafe kai yana tambayar wane ne shi, marubuci kuma ya bar shi yana yawo babi goma ba wanda ya gane shi. Haba jama'a! Mutumin wancan zamani ba a cikin kansa kaɗai yake ajiye kansa ba. Sunan ubansa, garinsu, abin bautar gidansu, bashin da ake binsa, duk suna hannun mutane. Ko ya manta, su ba su manta ba.

In kana so ka ɓatar da mutum a duniyar da, goge shi daga bakin jama'a. Misirawa sun ɗauki suna a matsayin wani sashe na ran mutum, shi ya sa aka bi gumakan sarauniya Hatshepsut ana farfasawa bayan mutuwarta. A Rum, da sarki Karakalla ya sa aka kashe ɗan'uwansa Geta a shekara ta 211, sai da aka kankare fuskarsa daga zanen iyalinsu. Nan tsoron yake. Ni kafin in rubuta layi ɗaya, nakan jera mutum biyar da suka san jarumina, in rubuta abin da kowannensu zai ci in ya faɗi gaskiya da abin da zai ci in ya yi ƙarya.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai: jarumi ya yi mafarki, komai ya dawo masa tsaf a dare ɗaya. Wannan lalaci ne, malam. Abin da mutum ke tunowa a gutsure yake zuwa, wani ma ƙarya ne. Ƙamshi ya tayar da rabi, tabo a jiki ya ƙaryata sauran. Na taɓa yaga rabin littafi saboda mafarki irin wannan ya kashe labarin tun a tsakiya.

Sauran ƙanana ne. Kada sojan Rum ya sa ƙafa a likkafa, ba su da ita. Tumatir da masara sai bayan 1492 suka bar nahiyar Amurka. Madubin Masar tagulla ce gogaggiya, fuska dishi-dishi take fita. Kada kuma wani a cikin labarin ya ce shekara kaza kafin haihuwar Annabi Isa, da shekarun mulkin sarki ake lissafi.