Yadda Na Gyara Kwamfutar da Ta Tsaya a Kan "grub rescue"

Kwamfutar makarantar Islamiyyarmu da ke Aboabo a Kumasi, wadda ke ɗauke da tsarukan sarrafa kwamfuta biyu, Ubuntu da Windows, ta daina tashi bayan an sake raba ma'ajiyarta, sai baƙin allo mai rubutun "grub rescue". Ban yarda a goge komai ba, domin rajistar ɗalibai tana ciki, kuma GRUB, wato shirin da ke tayar da Ubuntu ko Windows idan an kunna kwamfutar, shi ne kawai ya rasa inda fayilolinsa suka koma. Na tayar da ita daga filashin Ubuntu, na gano ɓangaren ma'ajiyar da Ubuntu ke ciki da umarnin lsblk, na ɗora shi (wato na buɗe shi don a iya isa ga fayilolinsa) tare da ɓangaren EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke. Sai da na haɗa masa /dev da /proc da /sys (manyan fayilolin da tsarin ke ganin na'urorin kwamfutar da bayanan aikinta ta cikinsu), matakin da mutane da yawa suke tsallakewa, kafin na shiga Ubuntun da ke kan kwamfutar da umarnin chroot, na gudanar da grub-install da update-grub don sake girka GRUB da sabunta jerin tsarukansa. Da na sake kunna ta, tsarukan biyu duk suka bayyana.