Koyar da Ƙarancin Ma'aikata a Gidajen Abinci Irin Su McDonald's: Inda Malamai Ke Tuntuɓe

Ɗalibin ƙaramar sakandare da ya saba ganin masu digiri suna yawo da takardun neman aiki, idan ka ce masa a Amurka an rasa masu soya dankali, zai ɗauka tatsuniya ce. Daga nan kuskuren farko yake farawa: malam ya gajarce zance ya ce mutanen can malalata ne. Ba haka ba ne. A 2021, bayan kullen korona, mutane sun samu ayyukan da suka fi biya, a rumbunan ajiyar kaya da kai saƙo gida-gida. A watan Nuwamba kaɗai kimanin mutum miliyan 4.5 suka ajiye aiki. Mutane suna nan, albashin ne bai kai su tsaya a gaban tukunyar mai ba.

Kuskure na biyu ya fi yawa, kuma shi ya fi ɓata darasi: juya dala zuwa naira a kan allo. Nan take ajin zai ruɗe, kowa na son biza. Gara ka ba su lissafi. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. Awa 40 a mako, dala 290 ke nan. Sai ka sa su cire kuɗin haya, na mota, da na mai rainon yara, su ga abin da ya rage. Daga baya ka kawo jihar Kalifoniya, inda tun Afrilun 2024 ma'aikatan manyan kamfanonin abincin ke karɓar aƙalla dala 20. A sake lissafin, sannan ka tambaye su: mai gidan abinci zai ƙara kuɗin boga (burodi mai nama a tsakiya) ne, ko zai rage ma'aikata?

Wasu malaman kan ɗora laifin duka a kan tallafin dala 300 na mako da aka riƙa ƙara wa marasa aikin yi. Tallafin ya ƙare a Satumbar 2021, amma ƙarancin bai ƙare tare da shi ba, don haka kada a ba yara dalili ɗaya tak.

Kada kuma ka ce McDonald's ce ke yanka albashin kowa. Mafi yawan rassanta na Amurka 'yan kasuwa ne ke tafiyar da su da sunan kamfanin, kowa da albashin da yake biyan ma'aikatansa.