Kada ku goge tsohon kwabo, ku haska shi ta gefe

'Yan uwa masu tara tsofaffin kuɗi, ga wata dabara.

In shekarar da ke jikin anini ko kwabo mai huji ta ƙi karantuwa, kada ku ɗauko toka ko lemon tsami.

Ku kashe fitila, ku ajiye shi a kan baƙin ƙyalle, ku haska shi da tocilar waya daga gefe, ƙasa-ƙasa.

Rubutun jikin kwabo tudu ne. Hasken gefe na sa kowane harafi ya yi inuwa, sai lambobin su fito. Har ɗan ƙaramin H ko KN za ku gani, alamar masana'antar da ta buga shi a Ingila.

Da haka na gano kwabona na 1936 ne, mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a sarauta ba. Saura ƙiris in kankare shi da yashi!

Guga tana barin zane, masu saye kuwa suna karya farashin wanda aka goge.

Amma in kwabon ya suɗe sumul, ko koren tsatsa ya rufe shi, hasken ba zai nuna muku komai ba.