Yadda Za a Karya Lagon Cin Zali a Makarantar Kwana

A makarantar kwana cin zali yana da lokacinsa da wurinsa. Da asuba a layin ɗiban ruwa, da rana wajen rabon abinci, da dare bayan an tashi karatu an kashe fitila. Duka lokuta ne da malami ba ya nan, ragama tana hannun siniyoyi. Shugaban makarantar da ya tsare waɗannan awanni uku ko huɗu zai ga sauƙi tun kafin ya fara wa'azin gyaran hali.

A fara da sanin abin da ake nema. Dan Olweus, masanin da ya yi suna a kan wannan bincike a Norway, ya ba da alamu uku: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki, ko na aji, ko na yawan abokai. Sa'anni biyu da suka dambace kan ƙwallo faɗa suka yi, ana iya sasanta su. Ɗan aji shida da ke ƙwace gari da sukarin ɗan aji ɗaya kowane mako zalunci yake yi, sasantawa ba ta shafe shi ba. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda, don haka makarantar da ta ce babu ko ɗaya a wurinta, tambaya ce ba ta yi ba.

Tambayi yaran, amma kada su rubuta suna

A mako na uku ko na huɗu na zango, a raba wa kowane ɗalibi takarda mai zanen makaranta: ɗakunan kwana, banɗaki, famfo, ɗakin cin abinci, bayan azuzuwa. Kowa ya sa alama a inda yake tsoron zuwa shi kaɗai, ya kuma zaɓi lokaci. Alama kawai, ban da rubutu, saboda yara sun san ana gane rubutun hannu. Malami ne zai raba ya tattara, ba firfet ba, kuma 'yan aji ɗaya su yi nasu a ɗaki daban. Alamun sukan taru a wurare biyu ko uku. Nan za a kafa fitilar sola, nan malamin aiki zai riƙa leƙawa sau biyu a dare, a lokutan da yake sauyawa. In kullum ƙarfe goma yake zagaye, to goma da kwata za a fara.

Karɓe bulala daga hannun firfet

Nan ne gizo ke saƙar. A rubuta a liƙa a kowane ɗaki cewa aikin firfet rubuta suna ne da kai rahoto. Ba shi da ikon duka, tsallen kwaɗo, hana abinci, sa wanki ko karɓar kayan akwati. Dokar takan mutu ta hanya biyu. Malamai su kau da kai don siniyoyi na rage musu aiki, su kuma siniyoyin su ce ai mu ma an yi mana, yanzu da lokacinmu ya zo za a hana? Shi ya sa ya fi kyau a fara da 'yan aji biyar a zango na uku, kafin a miƙa musu muƙamai, kowa ya sa hannu a kan sharaɗin, wanda ya karya a sauke shi a makon. Kafin naɗi a ji ra'ayin ƙananan aji a asirce. Sun fi kowa sanin mai saurin hannu. Inda gini ya isa, sababbin ɗalibai su kwana ɗakinsu daban a shekarar farko. Al'adar ɗan ɗaki da uban ɗaki kuwa a sa mata ido sosai, don kariyar da babba ke bai wa ƙarami wani lokaci da farashinta.

Akwatin ƙorafi kada ya zauna a ƙofar ofis inda kowa ke ganin mai jefa takarda. A ajiye biyu ko uku, ɗaya kusa da asibitin makaranta, a buɗe sau biyu a mako, mukullai a hannun malami namiji da mace. Nas ta rubuta kowane rauni da ranarsa. Yaron da ya "faɗi a banɗaki" sau uku a wata ɗaya yana buƙatar a zauna da shi.

Idan ƙorafi ya zo

Kada a haɗa mai ƙorafi da wanda ake zargi gaba da gaba a ce maimaita abin da ka faɗa. Ƙaramin zai janye, daren kuma zai biya kuɗin maganarsa. Tsarin yaƙi da cin zali mai suna KiVa da Jami'ar Turku ta ƙasar Finland ta ƙirƙiro yana da hanya mai kyau: ƙaramin kwamitin malamai ya fara jin wanda aka cuta shi kaɗai, sannan a kira waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai daina, a sake zama bayan mako ɗaya ko biyu a duba. A kira su a jere cikin awa guda don kada su haɗa baki, kuma a ce musu malamai ne suka lura. Zane mai laifi a gaban taro yana sanyaya zuciyar malamai, amma darasin da yara ke ɗauka shi ne mai ƙarfi yana dukan na ƙasa. In za a sauya wa wani ɗaki, mai laifin ne zai tashi. A sanar da iyayen kowane ɓangare daban.

'Yan kallo su ne man fetur ɗin abin, dariyarsu ake nema. Hadisin da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ta hanyar hana shi zaluncin, ya isa darasin aji guda. A zaɓi yara biyu ko uku masu farin jini a ajin wanda aka cuta, su riƙa zama da shi wajen cin abinci.

Waɗanda aka fi hari

Mai in'ina, zabiya, gurgu, mai fitsarin kwance, ɗan gudun hijira, wanda ƙabilarsa ko addininsa ya bambanta da na yawanci. Laƙabin banza daga bakin malami ne ya fi manne wa yaro, alhali aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifa da laƙabi. Mai sikila kada a sa shi aikin rana ko wankan ruwan sanyi da sunan horo, domin ƙishi da gajiya da sanyi suna tayar da ciwon. Zabiya ya zauna gaban aji saboda raunin gani, a bar shi da hula da doguwar riga. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2019 ta shafi makarantu.

Lalata da ɗalibi, ko siniya ne ya yi ko malami, ta wuce kwamitin ladabtarwa, ba a kuma kashe ta a ofis don kare sunan makaranta. A kai yaron asibiti nan take, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, kuma kada a wanke kayan jikinsa. A sanar da iyaye da 'yan sanda, a dakatar da wanda ake zargi daga haɗuwa da ɗalibai har a gama bincike. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 su ne ginshiƙi a matakin tarayya, sai shugaban makaranta ya nemi kwafin wadda jiharsa ta amince da ita ya ajiye a ofis.