Yadda ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar ciniki za su rage shingen sharuɗɗan inganci

An soke harajin kwastan, amma ga mota maƙare da wayoyin lantarki ta kwana uku a bakin iyaka. Jami'i ya juya takardar gwajin da direba ya miƙa masa, ya ce ba daga ɗakin gwajinsu ta fito ba. Irin wannan shinge ya zame wa 'yan kasuwa ƙarfen ƙafa, kuma ana iya rage shi.

Da farko a zauna da masu kaya da masu fito, su faɗi inda ake tsayar da su: rubutun jikin kwali ne, ma'auni ne, ko maimaita gwaji? Kada a kwaso komai lokaci guda, a fara da kayan da aka fi safara.

Sai a jera ƙa'idojin kowace ƙasa a kan kayan. Inda akwai mizanin duniya, na ISO ko IEC, wato ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idojin ingancin kaya na ƙasa da ƙasa, a koma kansa, kamar yadda yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya (WTO) ta 1995 kan irin waɗannan shingaye ta nema.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin, a nan kuma ake yawan noƙewa. Ba ƙasar da za ta karɓi sakamakon maƙwabciyarta sai ta amince da wanda ya yi gwajin, kuma tana da gaskiya, domin waya mara kyau gobara ce. Don haka a tantance ɗakunan gwaji da mizanin ISO/IEC 17025, wanda da shi ake auna ƙwarewar ɗakunan gwaji. A raba samfur ɗaya, a aika wa ɗakuna daban-daban, a ga ko sakamakon zai zo ɗaya. In ya yi ta zuwa ɗaya, a sa hannu cewa takardar ɗayansu ta wadatar a ko'ina. A ganina, in kuɗi ba su da yawa, nan ya kamata a zuba su. Turai ma sai da kotunta ta yanke hukunci a 1979 cewa kayan da aka halatta sayarwa a ƙasa ɗaya ta ƙungiyar kasuwancin Turai su shiga sauran ƙasashen ƙungiyar, sai in da ƙwaƙƙwaran dalili.

Bayan haka, kada sabuwar doka ta faɗo wa mutane kwatsam. A WTO ana ba da kwana 60 na jin ra'ayi, da aƙalla wata shida kafin ta fara aiki. A yi koyi da hakan.

Daga nan a buɗe ofishin karɓar ƙorafi a kowace ƙasa, mai wa'adin ba da amsa, sannan a aika wa jami'an iyaka sunayen ɗakunan gwajin da aka amince da su a rubuce.