Darasi na Tara: Cizon Kaska da Ciwon Mantuwa

Kaska ƙwaro ce ƙarama da ke maƙalewa a jikin dabba ko mutum tana shan jini, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga cikin cututtukan da take yaɗawa akwai ciwon Laim, wanda ya samo sunansa daga garin Lyme na jihar Connecticut a Amurka, inda aka lura da yara masu yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi a shekarar 1975. A farkon shekarun 1980 masani Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar da ke haddasa ciwon, mai suna Borrelia. An fi samun sa a Arewacin Amurka da Turai da wasu sassan Asiya.

Alamar farko a wurin yawancin mutane ita ce jan tabo mai faɗaɗa a inda kaskar ta ciza, wanda kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30, tare da zazzaɓi da kasala. Idan ba a yi magani ba, ƙwayar tana iya kai wa ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har gefen fuska ya shanye, ko mutum ya riƙa mantuwa yana kasa tattara hankalinsa.

A nan ne masana suka yi tambaya: shin wannan ƙwaya tana iya jawo ciwon mantuwa, wanda mutane suka fi sani da gigin tsufa? Tambayar tana da tushe, domin Borrelia dangi ce ga ƙwayar tunjere, kuma an daɗe da sanin cewa tunjere idan ya jima a jiki yakan lalata ƙwaƙwalwa. Wasu masu bincike sun ce sun ga ƙwayar a ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi ciwon Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa, wasu kuma sun duba ba su gani ba, sannan wani babban bincike a ƙasar Denmark bai sami ƙarin ciwon mantuwa ba a cikin waɗanda ciwon Laim ya taɓa jijiyoyinsu. Saboda haka kada kowa ya ɗauka cewa cizon kaska shi ne sanadin Alzheimer.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne bambancin da ke tsakanin ciwukan biyu. Alzheimer ba shi da maganin warkewa har yanzu, amma ciwon Laim yana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su doxycycline, kuma mantuwar da ya jawo tana iya sauƙi. Abin takaici ne ƙwarai a bar dattijo cikin ruɗewa ana cewa tsufa ne, alhali kuwa ciwonsa mai magani ne. Duk wanda mantuwa ta same shi cikin ɗan lokaci, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita idan kaska ta taɓa cizon sa.

Kaska takan ɗauki fiye da kwana ɗaya a maƙale kafin ta zuba wannan ƙwaya, don haka a duba jiki bayan an ratsa ciyawa ko daji, musamman hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. Idan an gan ta, a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke wurin da ruwa da sabulu. Kada a ƙona ta, kada kuma a shafa mata mai.