Kurakuran da baƙi ke yi idan sun shigo birnin Zariya cin abinci a tsofaffin zauruka

Duk baƙon da ya sauka wurina ya ce in zagaya da shi cikin birni, abu biyu yake nema: ya ga tsofaffin soraye, ya kuma ci abincin da ake ba shi labari. A birnin Zazzau kuwa abubuwan nan biyu wuri ɗaya suke. Zauren da kakan kakan wani ya gina shi ne jikoki suka yi wa sabon yaɓe, mai waina ta kafa tanda a ƙofarsa, dattawa suna zaune a kan dakalinsa. Wanda ya zo ya ci ya tashi bai ɗaga kai ya dubi rufin ba ya yi asarar rabin tafiyarsa, haka ma wanda ya zo ɗaukar hoto kawai ya koma da yunwa.

Kuskuren farko shi ne lokaci. Mutum ya taso daga Samaru ko Kwangila sai rana ta take, ya iso Ƙofar Doka wajen ƙarfe goma sha biyu, sannan ya ce yana neman waina da miyar taushe. A lokacin an riga an wanke tanda. Abincin birni kowanne da sa'arsa. Koko da ƙosai da waina na safe ne, daga an idar da sallar Asuba zuwa hantsi. Fura da nono sai rana ta ɗaga, matan Fulani sun iso da ƙorensu. Masu tsire da balangu sai bayan La'asar suke hura wuta, tuwo kuma na dare ne. Saboda haka ka shigo da sassafe, ka karya, ka yi yawon kallonka kafin rana ta yi zafi, ka huta da azahar, ka dawo da yamma. Ranar Juma'a kuwa kada ka shiga da mota wajen Fada daga hantsi har a sauko daga masallaci, domin cunkoso zai riƙe ka. Ka ajiye ta a nesa ka taka da ƙafa, lungunan birni dama ba don mota aka yi su ba.

Sai masu cika ciki a wurin farko. Waina ta fito da zafinta, ƙamshi ya ja mutum, ya ci goma, daga nan duk abin da aka nuna masa sai dai ya kalla. Idan ku uku ne ko huɗu, ku sayi kaɗan ku ci a kwano ɗaya, ku matsa gaba. Ka ce wa mai abincin, "Inna, a zuba mana kaɗan, ɗanɗanawa za mu yi," ba za ta ji haushi ba. Kuma ka bar wa fate wuri a cikinka. Na san ana tsokanar Zage-zagi da son fate, amma wanda ya sha faten tsaki da ya ji rama ko yakuwa da gyaɗa, aka dafa shi a gida, zai gane abin da ya sa ba mu rabuwa da shi. Ba kullum ake samunsa a bakin titi ba, tambaya ake yi, yaran unguwa sun san gidan da ake sayarwa. Mai neman shawarma da soyayyar shinkafa, PZ da Sabon Gari suna nan, ba sai ya shigo birni ba.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake mu'amala da ginin kansa. Sau da yawa zan ga mutum ya gama cin abinci, ya ɗauki buta ya je gindin katanga ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya zubar da sauran ruwan a nan. A ginin siminti wannan ba komai ba ne. A ginin ƙasa kuwa babu abokin gaba kamar ruwa a gindin bango. Da tubali aka ɗora katangar, wato curin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya ya bushe, kuma idan gindin ya riƙa shan ruwa kullum sai ya fara zaizayewa daga ƙasa, nauyin da ke sama ya rasa abin da zai tsaya a kai. Magina na da sun san haka, shi ya sa suke fitar da indararo nesa da bango, suke shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suke rufe saman soro da katsi, wanda ake kwasowa daga ramin marina. Ka tambayi inda ake zubar da ruwa, ko ka matsa zuwa kwata. Haka nan kada ka jingina babur a jikin zanen bango, kada ka sa farce ka ƙwaƙule don ka ga ko da gaske ƙasa ce, kada ka bari yara su riƙa bin dagin da yatsa mai maiƙo.

Da ka shiga zaure, ɗaga kai. Itatuwan da ka gani a jere a rufi azara ce, daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika cin ta ba. Lanƙwasar da ta taso daga bango ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya ita ce baka, kuma da azarar nan ake ɗaure ta a hankali a lulluɓe da ƙasa, har a rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wannan sana'a ce Zariya ta yi suna a kanta. Babban Gwani Malam Mika'ila, wanda ake kira Muhammadu Durugu, shi ya gina Masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. Mai zuwa ya sani cewa a ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Don haka kada ka iso da hoton da ka gani a tsohon littafi kana ɗaga murya kana tambayar ina abin yake. Akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa a wurin.

Wani kuskuren na ido ne: ɗaukar duk gini mai sheƙi da fenti a matsayin wanda aka fi gyarawa. Ba haka ba ne. Idan aka shafe katangar ƙasa da siminti, danshi yana shiga ta tsagi ya rasa hanyar fita, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ciki alhali waje yana kyau, wata rana ɓawon simintin ya ɓalle gaba ɗaya. Gyaran da ya dace da ginin ƙasa shi ne yaɓe da irin ƙasarsa, a kuma maimaita bayan damina. Idan ka ga zaure da sawun tafin hannu a jikin bangonsa, masu gidan suna kula da shi ke nan, kuma za ka ji sanyinsa da rana tsaka ba fanka.

Zaure kuma yana da iyaka. Ko da ana sayar da abinci a cikinsa, gidan mutane ne. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi idan akwai shimfiɗa, ka gaida dattijon da ka tarar: "Baba, barka da hutawa, mun zo ganin gini ne, ko da izini?" Yawanci zai ba ka tarihin gidan fiye da yadda ka nema. Namiji baligi ba ya wuce zaure zuwa cikin gida sai an ce ya shigo. Hoto ma haka, musamman na mata masu sana'a da 'yan mata masu talla. Wata ba ta so a ga fuskarta a Facebook, mijin wata ba zai yarda ba, kuma waya a hannunka ba izini ba ce. Ka tambaya, idan aka ce a'a ka ɗauki tandar da wainar, sun isa.

Batun kuɗi gajere ne. Ba a taya dafaffen abinci kamar atamfa, abin da aka ce shi ne kuɗinsa, idan ka yi kirki ma sai a yi maka gyara. Ka zo da canji, domin ba kowace tsohuwa ke karɓar tiransifa ba, kuma sabis yana iya ɗaukewa a cikin lungu ka tsaya kana jira ga layi a bayanka.

Ga mai cikin da bai saba ba, ka ci abin da aka sauke a gabanka da zafinsa. Fura, ka ce a dama maka kana kallo, ka lura da ruwa ko ƙanƙarar da za a sa. Yajin tsire ka ce a zuba a gefe tukuna. Kilishin tsaraba ka saye shi a ƙarshe, a naɗe maka a takarda, don idan ya daɗe a leda cikin zafin mota yana yin gumi.

Idan da hali, ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin an gama yaɓen bayan damina, lunguna sun bushe, ga sabuwar gyaɗa da sabon gero a kasuwa. A tsakiyar Agusta kuwa, idan an kwana ana ruwa, kada ka zauna a ƙarƙashin tsohon soron da ka ga danshi ya yi duhu a rufinsa ko ƙasa tana zubowa daga azara. Ka ɗauki kwanonka ka koma waje, ka kuma gaya wa mai gidan abin da ka gani.